Yadda Ake Ɗora wa Mota Mai Sulke Kyamarorin Ganin Kewaye

Duk ƙarfen da aka ƙara wa motar yaƙi don kare rayukan mutanen cikinta, wani yanki na ganinsu aka rage. Wannan matsala ta girmi duk sojan da ke raye a yau. Lokacin da Ingila ta fara shigar da tankoki fagen fama a ƙasar Faransa, cikin watan Satumba na 1916, ta 'yan tsagogin ƙarfe mutanen ciki suke leƙen waje, abokan gaba kuwa ba su daɗe ba suka gane haka, suka riƙa auna tsagogin da harsashi. Daga baya aka zo da madubin leƙe, wanda ke karkato hoton waje zuwa idon mutum yana zaune a ƙasa. A 1936 wani injiniyan soja ɗan ƙasar Folan, Rudolf Gundlach, ya yi rajistar madubin da ke ba kwamanda damar duba gaba da baya ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba, kuma manyan ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma madubi nesa yake nunawa. Mutumin da ya durƙusa a gindin tanka, ko ya laɓe a saman bene, ba ya cikin hoton.

Shi ya sa kwamandoji suka saba buɗe murfin saman mota su fito da kai, da yawa daga cikinsu kuma a nan suka rasa ransu. Isra'ila ta yi asarar kwamandojin tanka masu yawa ta wannan hanya a yaƙin Oktoba na 1973. Rufe murfin ma ba tsira ba ne: a ranar 31 ga Disamba 1994 rundunar Rasha ta kutsa birnin Grozny da jerin motoci masu sulke, mayaƙan Checheniya suka yi musu ruwan roka daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da tagogin benaye, wuraren da mutanen ciki ba sa gani, manyan bindigoginsu kuma ba sa iya sunkuyawa ko ɗagawa su kai. Birged ta 131 ta Rasha ta rasa mafi yawan motocinta cikin 'yan kwanaki.

Tsarin kyamarorin ganin kewaye amsa ce ga wannan damuwa. A kewaye motar da kyamarori, a haɗa hotunansu a cikin kwamfuta, a nuna wa mutanen ciki duk abin da ke zagaye da su, digiri 360, murfi yana rufe. Wannan jagora na mai tsara aikin ne, da makanikin da zai ɗora, da sojan da zai zauna a ciki.

Abin da tsarin ya ƙunsa

Sassa huɗu ne: kyamarori, wayoyin da ke ɗauke da hoto da wuta, akwatin kwamfutar da ke haɗa hotunan, da abin da mutum zai kalla, kamar allo. Kamfanoni sun bambanta wajen yadda suke jera su. Na kamfanin Rheinmetall na Jamus, mai suna SAS, kowane akwati yana ɗauke da kyamara uku, kowacce tana ganin digiri 60, saboda haka akwati biyu sun isa a rufe da'ira. Hensoldt, shi ma na Jamus, yana da SETAS. Faransa ta zaɓi Antares na kamfanin Thales don motocinta, Griffon da Jaguar, wanda ido guda ne a saman mota mai kallon kowane ɓangare, yana kuma gargaɗi idan an haska motar da hasken leza. Elbit Systems na Isra'ila ya nuna IronVision a baje kolin Eurosatory na 2016 a Faris. Shi a gilashin kwalkwalin kwamanda hoton ke fitowa, duk inda ya juya kansa can yake gani, dabarar da aka ɗauko daga kwalkwalin matuƙan jirgin yaƙi F-35. An saka shi a tankar Merkava Barak da aka ƙaddamar a 2023. Rasha kuwa ta kai abin maƙura a tankar T-14 Armata da ta nuna a faretin Mosko na 2015: babu kowa a cikin kan tankar mai juyawa, mutum ukun duk suna zaune a gangar jiki, kusan duk ganinsu ya dogara ga kyamara.

Kada sunayen nan su ruɗe ka. Mai tsada da mai araha, hanyar gwada su ɗaya ce.

Fara da auna makantar motar

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a fitar da motar fili mai shimfiɗa, kowa ya zauna a mazauninsa, a rufe murafe. Mutum ɗaya ya tsaya nesa a gaban motar, ya tako a hankali zuwa gare ta har sai direba ya ce ya daina ganin ƙafafunsa. A kafa turke a nan. Ya ci gaba har kansa ya ɓace, a kafa wani turken mai launi dabam. A maimaita haka a kowane kusurwa, kamar kowane digiri 15 ko 30, ga direba, ga kwamanda, ga mai harbi. Sannan a sake yin duka mutumin yana durƙushe. Idan aka haɗa turakun da igiya, za a ga siffar filin da motar ba ta gani kwance a ƙasa, a auna shi da tef a zana a takarda. Yawancin waɗanda suka yi wannan a karon farko sukan firgita da faɗin filin, musamman ta baya da kuma gefen da ke nesa da direba.

Wannan takarda ita ce ma'aunin aikin gaba ɗaya. Bayan an gama ɗora kyamarori za a dawo wannan fili, da waɗannan turaku, a sake gwajin. Duk ɗan kwangilar da ya ƙi yarda a karɓi aikinsa ta wannan hanya, a nemi wani.

Lissafin da ke zaɓar kyamara

Hoton kyamara ƙananan ɗigogi ne aka jera. Kyamara mai ɗigo 1920 a faɗi, idan tana kallon digiri 60, kowane digiri ya sami ɗigo 32. Mutum mai faɗin rabin mita da ke tsaye a nisan mita 100 bai cika sulusin digiri ba, saboda haka zai fito da ɗigo kusan 9 a faɗi. Wannan ya isa a gane mutum ne. Yanzu a ɗauki waɗannan ɗigogi 1920 a shimfiɗa su a kan digiri 180 ta hanyar ruwan tabarau mai faɗin gani: mutumin ya koma ɗigo 3, ɗan tabo ne kawai da ba za a bambanta shi da kututture ba. Tun 1958 wani mai bincike na sojan Amurka, John Johnson, ya tsara ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, wadda ta raba gani hawa-hawa: lura da cewa akwai wani abu, gane irinsa, da tantance ko wane ne. A taƙaice, ɗigo biyu kan isa a lura, ana bukatar kamar takwas a gane iri, sai sama da goma sha biyu kafin a tantance. Idan mai sayarwa ya ce kyamararsa na ganin mutum a mita 300, tambaye shi wane hawa yake nufi. Sau da yawa na farkon ne.

A nan ne hukunci ya zama dole, domin faɗin gani da nisan gani ba sa zama a tukunya ɗaya. Ra'ayina shi ne a bar nesa ga madubin kwamanda da na mai harbi, waɗanda dama don haka aka yi su, kyamarorin kewaye kuma su riƙe abin da ke tsakanin jikin mota da 'yan ɗaruruwan mitoci. Haɗarin da aka yi tsarin dominsa a kusa yake.

Sai tsayi da sunkuyo. Kyamarar da ke mita 2 daga ƙasa, idan gefen hotonta na ƙasa ya sunkuya digiri 30, ba ta fara ganin ƙasa sai a kusan mita 3 da rabi daga mota. Idan ya sunkuya digiri 45, ta fara gani a mita 2. Idan 60 ne, mita 1 da 'yan kai. Mita uku da rabi fili ne da zai ɓoye mutum ɗauke da nakiya, zai kuma ɓoye yaron da ya biyo mota a guje cikin unguwa. A sunkuyar da kyamarorin har ɗan gefen jikin motar ya fito a ƙasan hoto. Wannan gefen ƙarfe da ake gani shi ke ba idon direba ma'aunin nisa. Amma kada a manta da sama: a cikin gari benaye ne, a daji kuma yanzu ƙananan jirage marasa matuƙi ne, kamar yadda yaƙin Yukren ya nuna tun 2022. Idan kuɗi ya isa, a ƙara kyamara mai kallon sama.

A motar da ke da kai mai juyawa, a yanke shawara tun wuri: a gangar jiki za a ɗora ko a kai? Na direba dole a gangar jiki, domin hoton da ke juyawa tare da bindiga zai kai shi rami. Duk inda aka ɗora, allon ya kasance da 'yar alama da ke nuna ina gaban mota yake, ina bakin bindiga yake, ina kuma mai kallo yake duba.

Dare da zafin jiki

Kyamarar rana ba ta da amfani a duhu, saboda haka akan haɗa ta da mai ganin zafi, wadda ke karanta ɗumin da jikin mutum, inji ko ƙasa ke fitarwa. Sojan Amurka ya daɗe yana ba direbobinsa irin wannan, mai lamba AN/VAS-5. Tana ratsa duhu da hayaƙi da ƙura marar kauri, amma tana da halaye da dole a sani. Ba ta gani ta cikin gilashi, don haka mutumin da ke bayan gilashin mota ɓoyayye ne a gare ta, kuma tagarta ba gilashi ba ce, wani ma'adini ne mai tsada da ake kira jamaniyam. Ɗigoginta sun fi na kyamarar rana ƙaranci, galibi 640 a faɗi. Sau biyu a yini, bayan fitowar rana da wajen faɗuwarta, zafin abubuwa da na ƙasa kan zo daidai, hoton ya dushe. Takan kuma daskare na ɗan lokaci jefi-jefi don daidaita kanta, a gaya wa sabon direba haka kada ya ɗauka lalacewa ce.

Akwai kyamarori masu araha da ke haska wurin da fitilar da idon mutum ba ya gani. A gidan farar hula suna da kyau. A fagen fama, duk mai na'urar ganin dare zai hango wannan fitila daga nesa. A cire ta, ko a sa mata makunnin da kwamanda kaɗai ke taɓawa.

Jinkiri, wanda shi ne babban abokin gaba

Idan za a ba ni zaɓin abu guda da zan gwada, jinkiri zan ɗauka. Tsakanin lokacin da abu ya faru a waje da lokacin da ya bayyana a allo akwai 'yar tazara, ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Jinkirin milisakan 100 na nufin direba yana kallon wurin da ya riga ya wuce da fiye da mita ɗaya da rabi. Idan 200 ne, fiye da mita uku. A bakin gada ko tsakanin gine-gine wannan ya isa ya jawo asarar rai. Ga kuma jiri: idan jiki ya ji mota ta faɗa gargada amma ido bai gani ba sai daga baya, tashin zuciya kan biyo, kuma abin ya fi tsanani ga mai sanye da kwalkwali mai allo. Sojan da ke amai ba ya iya faɗa, kuma da zarar ya sami dama zai kashe na'urar ya buɗe murfi.

Daga ina jinkirin ke zuwa? Kyamara mai ɗaukar hoto 30 a sakan tana cin milisakan 33 a kan kowane hoto, mai 60 kuwa kusan 17. Sai matse hoto. Hoton kyamara guda mai ɗigo 1920, idan ba a matse shi ba, yana bukatar kusan gigabit ɗaya da rabi a sakan, kyamara shida kuwa kusan tara, alhali wayar sadarwa ta gama-gari gigabit ɗaya take ɗauka. Masu neman sauƙi sai su matse hoton a kyamara, su warware shi a kwamfuta, kowane mataki yana ƙara nasa jinkirin. Haɗa hotuna ya ƙara, allon ma ya ƙara. Shi ya sa masu tsari nagari kan ba hoton direba hanyarsa ta kansa, miƙe daga kyamara zuwa allo, ba ya bi ta wurin haɗawa.

Gwajin ba ya bukatar ɗakin bincike. Buɗe agogon awo mai nuna milisakan a wayar hannu, riƙe shi a gaban kyamarar, ka shirya yadda agogon da allon da ke nuna shi za su shiga hoto ɗaya, ko da za a fito da allon bakin murfi. Ɗauki hoto da wata wayar. Lambar da ke agogon ta fi ta allon, bambancinsu shi ne jinkirin. A ɗauka sau da yawa a duba mafi muni, a kuma yi gwajin duk kyamarorin suna kunne, ana naɗar hoto, inji yana aiki. Ga direba, duk abin da ya haura milisakan 100 ni ban yarda da shi ba, kuma gara a sauko ƙasa da rabin haka.

Waya da wuta

Kowace huda a jikin sulke rauni ce, a bi ramukan da maƙera suka riga suka bari, kamar na fitilu da na eriya. Kamfanin BAE Systems ya yi dabara mai kyau a Check-6, inda ya saka kyamarar baya a cikin gidan fitilar baya. Wayar da ke waje ta bi cikin bututun ƙarfe, kada kuma wayoyin dukan kyamarori su taru a hanya ɗaya, don kada ɓarɓashi guda ya makantar da mota gaba ɗaya. Wutar motocin soja bolt 28 ce a ƙa'ida, amma takan faɗi sosai lokacin tayar da inji, takan kuma yi tsalle har 100, abin da ƙa'idar MIL-STD-1275 ta tanada. Kayan da ba su ci wannan jarrabawa ba, da ta girgiza da zafi da ƙura ta MIL-STD-810, ba na wannan aiki ba ne. A gwada magana a rediyo ana kallon allo, a ga ko hoton na tsattsagewa. A nemi kuma tsarin da ke bin ƙa'idar da kowa ya sani, irin STANAG 4754 ta ƙungiyar NATO, domin ranar da kyamara ta mutu a iya sayo ta wani kamfani.

Ɗinke hotuna

Kwamfutar tana haɗa gefen hoton wannan kyamara da na maƙwabciyarta, kamar tela mai haɗa ƙyallen atamfa biyu yana so zanen ya faɗa kan juna. Don haka dole ganin kowace kyamara ya ɗan hau kan na ta kusa da ita. Matsalar ita ce kyamarorin ba a wuri ɗaya suke zaune ba, kowacce daga nata kusurwar take kallo. Idan aka daidaita ɗinkin don abin da ke nesa, abin da ke kusa kan fito biyu a kan layin haɗin, ko ya yanke, ko ya ɓace ɗungurum. Wannan ɓacewa ita ce abin tsoro, domin allon yana nuna fili wayam alhali mutum na tsaye a ciki.

Bayan an daidaita kyamarorin da allunan awo da kamfani ya bayar, a sa mutum ya zaga motar a hankali a nisan mita 2, sannan 5, sannan 10, a tsaye da kuma a durƙushe, wani yana bin sa da ido a allo. Duk inda ya ɓace a yi alama. Idan ba a iya gyarawa ba, a matsar da layin haɗin daga tsakiyar gaba da tsakiyar baya zuwa wurin da haɗarinsa ya fi sauƙi, a kuma sanar da mutanen motar inda yake. A sake wannan daidaitawa duk lokacin da aka canja kyamara, ko mota ta yi karo, ko aka yi harbi mai yawa da babbar bindiga.

Ƙura

A nan yankinmu yake da abin faɗa. Sojojin Najeriya da na Nijar da Chadi da Kamaru da ke aiki da motoci masu sulke a yankin Tafkin Chadi suna tafiya cikin ƙurar hunturu, da taɓon damina, da zafin bazara da ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ke rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Mota ta uku a ayari cikin ƙurar ta farko da ta biyu take, kyamarar baya kuma ita ke fara rufewa saboda iska na nannaɗe ƙura a bayan mota. Tsarin da ba shi da abin wanke taga, ko na ruwa ko na hura iska, ba zai kai azahar yana gani ba. A tambayi wannan kafin a tambayi yawan ɗigo.

Kada a taɓa goge taga a bushe, ko da hannun riga ko da tsumman inji. Ƙurar nan yashi ne, tana karce gilashi, tana cinye fentin kariyar da ke kan jamaniyam, daga nan duk hasken da ya bugi tagar sai ya watsu ya zama hazo. A fara hure ƙurar, a zuba ruwa mai tsabta, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi da aka keɓe don haka a cikin leda. Kowace safiya, tare da duba mai da ruwa, a duba tagogin ko akwai tsaga, a duba raɓa a ciki wadda ke nuna roba ta saki, a taɓa kowace kyamara a ji ko tana motsi, a cika tankin ruwan wanki. A ajiye tagogin canji a cikin motar, domin su ne suka fi saurin fashewa.

Mutanen da ke ciki

Allo mai nuna komai yana iya sa kowa ya zaci wani ne ke kallo. A raba aiki a fili: direba gaba da abin da ke gindin mota, kwamanda kewaye, sojojin da ke baya kuma su duba allon ƙofa kafin a buɗe ta, su san abin da za su tarar. Na'urorin da ke zana akwati a kan abu mai motsi suna taimakawa, amma idan suna kuka a kan kowace akuya, ba a jimawa za a daina kula su, sai a rage musu kaifi. Da dare a dusar da hasken allo, don kada ya kashe ganin duhu ko ya fita ta murfi. A riƙa naɗar hoton ana duba shi bayan aiki, yana koyar da darasi, yana kuma zama shaida idan an yi zargin an taka wani ko an cuci farar hula.

A sa allon ya nuna alama ƙarara idan hoto ya tsaya, domin daskararren hoto ya fi baƙin allo haɗari, direba zai ci gaba da tafiya a kan hanyar da ba ta nan. Kada a cire madubin leƙe don an sami kyamara, kuma a cikin bariki ko kasuwa kada a daina sa mutum a ƙasa yana yi wa direba jagora. A lokacin atisaye, kwamanda ya riƙa kashe tsarin ba zato, ya ga ko mutanensa za su koma madubi su ci gaba da tafiya ba tare da sun tsaya ba.

Ga masu sa hannu a takardar saye, roƙona ɗaya ne: kada ku karɓi tsarin nan a ɗakin taro mai sanyi. A kai motar fili da tsakar rana, a bi ta da ƙura, a kafa turaku, a kawo agogon awo, a zaunar da direban da zai shiga daji da ita, shi ya faɗi ko yana gani.